Wuƙata Ta Ciji Mutum a Agege

Asabar: Wudil zuwa Tafa

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na fito daga ɗakina, washegarin kasuwar shanu. Jakata ba ta da nauyi, kaya ne kala biyu, da magagari, da sukudireba, da 'yan ƙananan noti na ɗaure ƙarfe a ƙulle cikin leda, sai wuƙaƙe biyu. A zaure na tarar da Yaya Garba yana alwala. Na durƙusa na ce masa zan kama hanya. Bai ɗago ba sai da ya gama wanke ƙafa.

"Allah ya kiyaye," ya ce. "Ka dai tuna yadda muka yi da kai, Sale."

Ina zan manta? Bari in faɗa muku abin da ya raba ni da gida, don kada ku ɗauka yawon buɗe ido na tafi. Mu maƙera ne tun kaka da kakanni, kuma abin da aka san gidanmu da shi wuƙar aljihu ce, mai naɗewa. Idan aka rufe ta, ruwan wuƙar yana kwanciya cikin ƙota. A jikin ƙotar muna ɗaura wani ɗan maƙali irin na murfin biro, shi ke cije bakin aljihu ya hana ta nutsewa. Yaya, wanda ya gaji maƙera bayan rasuwar mahaifinmu, yana ɗaura maƙalin ne a wajen gaɓa, sai wuƙar ta rataya tsini ƙasa. Ni kuma bara na mayar da shi ɗaya ƙarshen, ta koma tsini sama. Dalilina shi ne, mai tsini ƙasa idan ka zaro ta a juye take zuwa hannunka, sai ka jujjuya ta kafin ka buɗe. Mai tsini sama kuwa tana fitowa babban yatsanka na kan wani ɗan ƙulu da na sa a kowane gefe na ruwan, ka tura kawai ta buɗe. Yaya ya ce tsinin da ke kallon sama yatsa yake jira. Na ce wata shida na yi da ita a aljihuna ko ƙwarzane ban samu ba.

Guda talatin na ƙera na aika wa Alhaji Bala, shugaban masu sauke shanu a wani kara, wato kasuwar shanu, da ke Agege, mutumin da tun zamanin mahaifinmu ba ya sayen wuƙa sai tamu. Wata biyu aka yi shiru, sannan saƙon muryarsa ya shigo wayar Yaya. Ya ce wuƙarmu ta buɗe a aljihun wani ma'aikacinsa ta tsaga masa yatsa har sai da aka yi ɗinki, ya karɓe sauran daga hannun mutanensa, kuma kada a sake aiko masa da komai daga maƙerarmu. Sau uku Yaya ya kunna saƙon a gaban kowa. Sannan ya yanke hukunci: in je in gani da idona, idan laifin tsini sama ne, to na bar ƙirar wuƙa ke nan har abada, in koma fartanya da lauje. Shekarata arba'in da ɗaya, ashirin da biyar daga ciki a bakin wuta na yi su. Na ji ciwon maganar nan, kuma na amsa, don ni ma ina da taurin kan gidanmu.

Motar da na samu tirela ce ta shanu, direbanta Malam Isiyaku mutumin Gaya, wanda bakinsa ba ya rabo da goro da labari. Ya ba ni wuri a gaba. Ƙarfe biyar saura kwata muka ɗaga, muka yi sallar asuba a bayan garin Kano bayan tafiyar kilomita wajen arba'in, muka wuce Zariya ƙarfe tara da rabi. Kafin Kaduna ya gama jin labarina, ya ce shi dai a ganinsa wuƙa wuƙa ce, kuma bai taɓa jin an haye Kwara saboda maƙalin biro ba.

A wani shinge bayan Kaduna jami'i ya ce in buɗe jaka. Da ya ga wuƙaƙe ya dube ni sama da ƙasa, sai na miƙa masa takardar mai unguwa da ke shaida sana'ata. Ya karanta, ya ce in nuna masa yadda ake buɗewa. Na buɗe masa duka biyun, ta Yaya da tawa, ya gwada da kansa, ya ɗaga tawa ya ce wannan ta fi sauri. Isiyaku ya ce mu tafi kafin kaina ya kasa shiga mota. Ƙarfe biyar da rabi na yamma muka isa Tafa, na ci tuwon shinkafa da miyar kuka na naira dubu ɗaya, na shimfiɗa tabarma a rumfar wani mai shayi.

Lahadi: Tafa zuwa Ilori

Ana sallame asuba muka tashi, muka karya ta Lambata, Lapai, Agaie, muka shiga Bida da hantsi. Wanda bai bi hanyar nan a tirela ba bai san yawan ƙasusuwan jikinsa ba. Ni dai na ƙirga nawa, kowanne ya amsa sunansa.

Tsakanin Kutigi da Mokwa, wajen ƙarfe ɗaya, muka ji ana dukan rufin mota da ƙarfi. Mai rakiyar shanun ne, Mamman, mutumin Maraɗi, dogo mai ƙarancin magana. Wani farin bijimi ya zame ya faɗi, igiyar da aka ɗaure ƙahonsa da ita a ƙarfen sama ta zarge masa wuya. Isiyaku ya taka birki, na dira na haye gefen motar. Mamman ya riga ya sauka cikin shanun, ya tallabe kan bijimin da hannu ɗaya, ya zaro wuƙa da ɗayan. Na gane ta tun daga nesa, ƙirar gidanmu ce, tsini ƙasa. Ya zo juya ta a hannun da ya jiƙe da gumi da yawun bijimin, ta suɓuce ta faɗa ƙarƙashin kofatai. Idon bijimin ya fara juyewa. Ina riƙe da ƙarfe da hannun hagu, na sa na dama a aljihun wandona, na zaro, na tura yatsa, na yanke igiyar daga sama. Dabbar ta ja wani dogon numfashi, muka taru muka ɗaga ta.

Mamman ya tono tasa daga cikin kashin shanu ya goge a cinya, ya daɗe yana kallon tawa. "Marsi, malam," ya ce, godiya irin ta mutanen Maraɗi. "Wagga yuƙa ta hi tawa wayo."

Daga nan har gadar Jebba ban sake jin ramin hanya ba. Na riƙa shirya maganar da zan faɗa wa Alhaji Bala, da wadda zan dawo in faɗa wa Yaya, ina gyara su ina ƙara musu gishiri. A raina na gama yanke cewa mutumin da ya yanke sakarai ne kawai. Mun shiga Ilori ana kiran magariba, muka kwana a Sango, zangon 'yan Arewa.

Litinin: Ilori zuwa Agege

Ƙarfe shida muka bar Ilori. Ogbomosho ƙarfe takwas, Oyo sha ɗaya saboda wata tanka da ta kwanta a hanya, Ibadan bayan azahar. Tun daga nan iska ta yi nauyi, riga ta manne mini a baya. A bakin shiga Legas muka faɗa gosulo na awa ɗaya da rabi, motocin haya na danfo na kutsawa ta dama, okada ta hagu, kowa na zagin kowa kuma ba wanda ya ji haushi. Muka bi ta Ogba, ƙarfe biyar da minti goma muka tsaya a kara.

Nan na ga aikin masu sauke shanu. Majiya ƙarfi ne, kowa da wandon jins da 'yar shat, suna hawa mota su diro kamar ba ƙafar mutum gare su ba. Hausarsu ta gauraye da Yarbanci da Turancin titi har sai na kasa kunne sosai. Alhaji Bala yana zaune a benci ƙarƙashin rumfar kwano, dattijo mai farin gemu da ɗan tumbi. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi ko ni wane ne. Ya tambayi gida, ya yi wa mahaifinmu addu'a, ya sa aka kawo mini amala da miyar ewedu, aka ba ni ɗaki a gidansa kusa da layin dogo. Duk haƙƙin baƙo ya sauke, amma bai yi mini murmushi ba. Ya ce maganar wuƙa sai gobe, kuma motar da zan bi gida ranar Alhamis za ta tashi.

Talata: Kara

Da safe Alhaji ya sa aka fito da wuƙaƙena daga wani bokitin fenti, talatin cif, ya kira wanda ta yanka. Sunansa Muntari, haifaffen Agege, magidanci mai 'ya'ya uku. Ya nuna mini manuniyarsa ta hagu, tabon ya taso daga farce har gaɓa ta biyu. Na karɓi wuƙarsa na duba gaɓa, na duba sifirin ɗin da ke riƙe ruwan a rufe, na kaɗa ta, na girgiza, na buga a benci. Lafiyarta lau. Na maƙala ta a aljihuna na dama na haye bayan mota na diro sau biyar, na sa hannu na fito da ita a rufe. Sai bakina ya riga hankalina, na ce wataƙila bai rufe ta daidai ba, don wuƙa ba ta cizon wanda ya iya ta.

Muntari ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Oga maƙeri, shekara sha biyu ina wannan wok. Sati uku ban yi aiki ba, madam ce ke ciyar da gida da kuɗin awara. Ka zo tun daga Kano ka ce mini ban iya rufe wuƙa ba, abi?"

Alhaji ya ce shi bai san ƙira ba, jini kawai ya gani, ya sa aka mayar da wuƙaƙen bokiti. Na koma gefe na zauna a kan wata tsohuwar taya. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya biyo bayanta, don na fara hango kaina ina dukan fartanya har tsufa.

Da aka kira azahar na bi su wajen famfo. Mai wandon jins ba ya iya tsugunawa alwala da kaya a aljihu, don haka kowa ya zo sai ya zazzage nasa a kan dakali. Ina jiran buta ina kallonsu ba da wata niyya ba. Na farko ya fito da carbi da waya daga dama, ya fito da wata tsohuwar wuƙa daga hagu. Na biyu carbi da goro daga dama, wuƙa daga hagu. Na uku haka, na huɗu haka. Sai da na ƙirga mutum tara, ko ɗaya bai saɓa ba. Allah ya yafe mini sallar nan, don rabin hankalina yana kan dakali.

Ana sallamewa na tare Muntari na tambaye shi a wane aljihu yake sa wuƙata. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina gabas. Ya ce a hagu mana. Rigarsu ba ta da aljihun ƙirji, carbi a aljihun dama yake zama, kuma ba mai haɗa carbi da ƙarfen da ke wuni cikin igiya mai kashin shanu. Ban da haka, in ji shi, hannun dama shi ke riƙe dabba, wa zai saki bijimi don ya ɗauko wuƙa? Da hagu suke yanka, tun iyayensu.

Ni carbina a aljihun ƙirji yake, shi ya sa ban taɓa tunanin haka ba. Na tsaya na auna abin a kaina. A aljihun dama, wuƙata tana komawa can baya ta jingina, gadon bayan ruwan yana manne da ɗinkin aljihu, ko ta so buɗewa ɗinkin ya tare ta. Idan aka ɗauke ta yadda take aka maƙala a hagu, komai ya juye, ruwan yana fuskantar tsakiyar aljihu inda ba abin da zai tare shi. Mutum ya yi ta dirowa daga mota, kowace dira tana ɗan ɗaga shi.

Na koma wajen Alhaji na roƙe shi a ba ni wuƙar Muntari. Mutane suka taru. Na maƙala ta a aljihuna na hagu, na hau mota na diro, na sake, na sake, har sau shida.

"Oya, sa hannu," in ji Muntari.

Wanzami ba ya son jarfa. Na buɗe bakin aljihun da yatsa biyu na leƙa, na kira shi ya leƙa. Tsinin ya ɗago daga ƙota kamar faɗin yatsa, yana kallon sama yana jira. A gaban kowa na kama hannun Muntari na ce masa ya yafe mini, da yankan da maganar da na faɗa da safe, laifin nawa ne, na ƙera wa mutane wuƙa ban tambaye su inda za su ajiye ta ba. Ya ce ba komai, amma da gani bai gama hucewa ba.

Alhaji, wanda na riga na faɗa wa yadda muka yi da Yaya, ya gyara zama ya ce, "Ke nan yayanka ya yi gaskiya."

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe da la'asar," na ce. "Idan ban gyara ba, ni da bakina zan gaya masa haka."

Laraba: Ogba da komawa kara

Gyaran ba wani abu ba ne, maƙalin zai koma ɗaya kuncin ƙotar, tsinin yana nan sama. Amma ƙota talatin, kowace huda biyu a cikin ƙarfe, ba aikin sukudireba ba ne. Abin da ban zata ba, Muntari ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ƙarfe bakwai ya ce in ɗauko bokiti, ya san wani. Ya ce ba don ni yake yi ba, yana so ne ya ga ƙarshen abin da ya cinye masa sati uku.

Muka hau danfo zuwa Ogba, tafiyar minti ashirin da biyar, bokiti a cinyata na rufe shi da buhu. Wani Bayarabe ne mai gyaran janareto, Baba Sikiru, ba ya jin Hausa, ni ba na jin Yarbanci, Muntari ya tsaya tsakani. Baba ya juya wuƙa ɗaya a hannunsa, ya gwada kaifin a gashin hannu, ya tambaya da me na yi ruwan. Da aka ce masa da sifirin ɗin mota, ya gyaɗa kai ya share mini gefen tebur ya ba ni injin hudarsa. Daga nan ba mu sake neman tafinta ba, in na miƙa hannu ya san abin da nake so. Wuta ta ɗauke sau biyu, ya tayar da janareton wani da aka kawo gyara. Ƙarfe biyu da rabi na ɗaure noti na ƙarshe. Ya ƙi karɓar komai sai wuƙa ɗaya, na ba shi wadda na yanke igiyar bijimi da ita, don shi a dama yake sawa.

Ana idar da la'asar kara ya cika, har masu tsire da masu shayi suka bar rumfunansu. Na maƙala wuƙa a aljihun hagu na hau mota na diro sau goma, gwiwoyina na kuka. Na rufe ido na zura hannu har ƙasan aljihun, na wutsila yatsu, na fito da shi na ɗaga sama. Ba jini. Aka yi ta sowa, amma Alhaji ya ɗaga hannu ya ce maƙeri ya gwada kayansa ba shaida ba ce, wanda aka ciza shi zai faɗa.

Muntari ya karɓi tasa, ita dai wadda ta yanke shi. A lokacin wata mota ta shigo daga Potiskum, ya maƙala wuƙar ya shiga aiki kamar kullum, hawa da dira, hawa da dira, ya fi rabin awa. Ina tsaye ina kallonsa. Can aka zo kan wani baƙin bijimi mai faɗa da igiyarsa ta sarƙe a ƙarfe. Muntari ya naɗe igiyar wuya a hannun dama ya turje, hannun hagu ya tafi aljihu. Na ga ya ɗan tsaya a bakin aljihun, yatsan nan mai tabo ya ƙi shiga. Sai ya cije leɓe ya tura. Kafin in ƙifta ido wuƙa ta fito a buɗe, igiya ta katse, bijimin ya sauko ta kan katako yana huci. Muntari ya rufe ta a cinyarsa ya mayar, ya duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna wa jama'a tafin hannunsa.

"Alhaji, a raba mana kayanmu, abeg," ya ce.

Ban san lokacin da aka ɗaga ni sama ba. Ni da ban taɓa rawa ba ko a bikina, ranar na taka, kuma ban ji kunya ba. Bokiti ya koma wayam cikin minti biyar, waɗanda ba su samu ba suka kewaye ni kowa na faɗin sunansa. Duk wanda ya ce yana so, sai in tambaye shi aljihu, da hannun da yake yanka da shi, da irin wandon da yake sawa. Mamman na Maraɗi ma ya matso ya ce a sa da shi.

Da hayaniya ta lafa Alhaji ya kira ni benci, karo na farko ya matsa mini wuri kusa da shi. Ya fito da wayarsa ya yi wa Yaya saƙon murya a gaban jama'a, ya ce ya janye maganarsa, ƙaninsa ya zo ya amsa laifinsa kamar ɗan halak ya kuma gyara, kuma mutanensa tsini sama suke so. Bayan ya kashe wayar sai ya ɗan sunkuyo ya ce amma shi tasa a ƙero masa tsini ƙasa, irin ta Garba, don shi ba ya tsalle, goro kawai yake fasawa, hannayensa biyu duk nasa ne. Na ce wannan gaskiya ne, ga wanda ba ya gaggawa ba abin da ya fi ta kwanciyar hankali. Sai a lokacin na ga haƙoransa.

Alhamis da Juma'a: Gida

Isiyaku ya tsaya jiran lodi, don haka Alhaji ya sa ni a bas ɗin da ke tashi daga Agege ƙarfe shida na safe. Muntari ya raka ni tasha da burodin Agege guda biyu da ƙullin awarar matarsa, ya ce in gaishe da yayana in ce masa ya daina takura wa oga. Ta Akure da Lokoja muka biyo, ban ga rabin hanyar ba don barci. Mun sauka Kano da hantsin Juma'a, na shiga ƙaramar mota, ƙarfe sha ɗaya da rabi ina Wudil, kasuwa na ci.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da yatsuna goma. Na gode wa Isiyaku da bai karɓi ko sisina ba, da Alhaji Bala da ya ciyar da ni alhali yana fushi da ni, da Baba Sikiru da ba mu taɓa fahimtar kalma ɗaya ta juna ba. Muntari kuwa, wanda ya sake zura hannunsa inda aka cije shi, ban san da bakin da zan gode masa ba.

Labari ya riga ni isowa, 'yan maƙera suka tare ni da murna. Yaya ya amsa gaisuwata ya tambayi hanya, bai ce komai a kan saƙon ba. Aka tafi masallaci aka dawo, aka ci abinci, shiru. Raina ya fara ɓaci. Sai bayan la'asar, da kowa ya watse ya rage daga ni sai shi, ya sa hannu a aljihun hagu na rigarsa ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumma ya ajiye a kan uwar maƙera. Na warware. Wuƙata ce, ta farkon da na fara yi tsini sama, wadda na nema na rasa har na ɗora wa ɓarayin kasuwa. Ƙotar ta yi sulɓi don shan hannu.

Ya miƙo mini ɗan yatsansa na tsakiya, da wani siririn tabo a gefe. Hannun maƙeri ba ya rabo da rauni, ban taɓa tambayarsa ba.

"Tun bara take wurina," ya ce, yana kallon toka. "Ba wadda na taɓa riƙewa mai daɗin hannu kamarta. Da ta yanke ni ban san dalili ba, kuma na kasa ce wa ƙanina wuƙarsa nake ɗauka a ɓoye. Da na faɗa, da bawan Allahn nan bai zubar da jini ba."

Haushi da daɗi suka taso mini tare, na rasa wanda zan fara haɗiyewa. Ban taɓa jin Yaya ya ce ya yi kuskure ba, ban kuma taɓa jin ya yabi aikina ba, ga shi duka biyun sun zo a numfashi ɗaya. Na ce masa huda biyu ce kawai, yanzu zan yi.

Na ɗauko abin huda ina waige-waigen wanda zai riƙe mini, ba kowa. Yaya ya tashi daga mazauninsa, ya ɗauki awartaki, ya tsuguna a gabana inda nake tsuguna masa tun ina ɗan shekara sha shida, ya damƙe ƙotar.

"Nuna mini inda zan riƙe," ya ce.